Yadda Ake Saka Rediyon CB a Dashbod ɗin Mota

Rediyon CB, wato Citizens Band, zangon da aka ware wa jama'ar gari, ɗan'uwan oba-oba ne, sai dai shi a mota yake zama, yana shan wuta daga batir ɗinta, kuma yana aika magana ta eriyar da aka kafa a jikinta. A Amurka ya yi suna. Hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ware masa zangon megahaz 27 a shekarar 1958 da tashoshi 23, sannan ta mayar da su 40 a 1977, bayan da ƙarancin man fetur na 1973 da dokar taƙaita gudu ta 1974 suka sa direbobin tirela suka rungume shi, suna sanar da juna gidan man da ke da mai da kuma inda 'yan sanda suka laɓe. Tun 1983 ba a neman lasisi a can kafin a yi amfani da shi, amma doka ta kayyade ƙarfinsa, wato wat 4 a tsarin AM da wat 12 a tsarin SSB, hanyoyi biyu na aika murya. Wannan ƙarancin ƙarfi shi ne dalilin da ya sa aikin sakawa yake buƙatar natsuwa, domin wanda ke da wat 4 kacal ba shi da rarar da zai yi asara a mummunar waya ko eriyar da ba a daidaita ba.

Kafin a sayi komai, a fara da maganar doka. Abin da ya halatta a Amurka ko Birtaniya ba lallai ne ya halatta a wata ƙasa ba, kuma ko zangon ma yakan bambanta, domin a Ostireliya wanda ya fi yaɗuwa yana aiki ne a megahaz 477. Mai zaune a Najeriya ya tuntuɓi NCC ko ma'aikatar sadarwa, mai zaune a Nijar ya tuntuɓi ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa a can, ya sami amsa a rubuce idan da hali. A yankin da ake fama da matsalar tsaro, doguwar eriya a kan mota takan jawo tambayoyi a shingen bincike, kuma takarda a aljihun mota ta fi dogon bayani.

Aunawa kafin saye

Ramin da rediyon mota ke zama a dashbod yana da ma'auni na duniya da ake kira DIN: faɗinsa milimita 180, tsayinsa milimita 50. Motoci da yawa suna da ninkin wannan, wato 180 da 100, inda ake samun rediyon kiɗa a sama da ɗan aljihun ajiye tarkace a ƙasa. Wannan aljihu shi ne wurin da ya fi dacewa, domin cire shi ba ya rage wa motar komai. Wasu motocin Toyota raminsu ya kai milimita 200 a faɗi, don haka za a buƙaci abin cike gefe.

Faɗi da tsayi ba su ne ke ba da wahala ba, zurfi ne. A auna daga fuskar dashbod zuwa abin da ya fara tare hanya a ciki, wanda galibi bututun iskar na'urar sanyaya mota ne ko wani ƙarfen tallafi, sannan a tuna cewa kan wayar eriya zai ƙara wa rediyon kamar santimita 5 a baya. Idan wurin ya matse, akwai mahaɗi mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu da ke juya wayar gefe. Mutane da dama sun sayi babban rediyo irin Cobra 29 don kwarjininsa, suka dawo gida suka tarar ba zai shiga ba sai an yanke dashbod. A ganina yanke dashbod saboda rediyo ɓarna ce, tunda akwai ƙanana irin Uniden PRO505XL da ke shiga da rara, akwai kuma irin President McKinley da aka ƙera daidai da ma'aunin DIN.

A duba abubuwa biyu a jikin rediyon. Na farko shi ne inda lasifikarsa take. Yawancinsu a ƙasa ko a sama take, kuma da zarar an tura rediyon cikin rami sai muryar ta shige cikin dashbod ta zama gunaguni. Ko dai a sayi mai lasifika a fuska, ko a tanadi ƙaramar lasifikar waje da za a jona a ramin da ke bayansa. Na biyu shi ne inda makirufo ke shiga: idan a gefe yake, wannan rediyo ba na cikin dashbod ba ne.

Sai batun wuta. Ƙananan motoci da akori-kura suna aiki da volt 12, kuma yawancin rediyon CB don su aka yi shi. Manyan motocin Turai da na Sin, irin DAF da MAN da Howo, volt 24 ne. Wanda ya jona rediyon volt 12 kai tsaye a irinsu zai ƙona shi nan take. Mafita ita ce na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, ko rediyon da aka rubuta a jikinsa cewa yana karɓar duka biyun. Kada a ɗauki wuta daga batir guda cikin biyun da ke jere, domin hakan yana sa ɗaya ya riga ɗaya mutuwa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba, sufana mai lamba 10, filaya, ƙaramar wuƙar fere waya, baƙin tef, igiyoyin roba na ɗaure waya, mitar gwajin wuta, da kuma mitar SWR, wadda ake daidaita eriya da ita, tare da gajeriyar wayarta. Wannan ta ƙarshe ita ce wadda ake yawan tsallakewa, kuma ita ce wadda ba a iya yi sai da ita.

Buɗe dashbod

A kashe mota, a zare makulli, a kwance kan batir na nagetif, a kawar da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. A jira 'yan mintuna kafin a sa hannu a cikin dashbod, saboda tsarin jakar iska ta kariya yakan riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci. Wayoyi da mahaɗan wannan tsari galibi rawaya ne, kuma ba a taɓa su, ba a gwada su da mita, ba a ɗaure wata waya a jikinsu. Wasu motoci, musamman tsofaffin Honda, rediyon kiɗansu yana neman lambar sirri bayan an cire batir, don haka a nemo lambar tun kafin a fara.

Robar da ta zagaye rediyon kiɗa yawanci maƙale take da 'yan ƙugiyoyi, wani lokaci da sukurori biyu ko huɗu da ke ɓoye a ƙarƙashin mazubin tokar sigari ko bayan maɓallan iska. A ɓamɓare ta a hankali da abin roba, ko da sukundireba da aka naɗe bakinsa da tef, ana bi daga kusurwa zuwa kusurwa. Robar motar da ta daɗe tana shan rana takan bushe ta yi gautsi, kuma ƙugiyar da ta karye ba ta gyaruwa. Idan wani gefe ya ƙi fita, akwai sukurun da ba a gani ba tukuna. A ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a zare kowane mahaɗi.

Bayan an fito da rediyon kiɗa da aljihun da ke ƙasansa, za a ga duka biyun a ɗaure suke a jikin ƙarafa biyu na gefe. A cire aljihun, a gwada rediyon CB a gurbinsa. Idan ramukan gefensa sun yi daidai da na ƙarafan, an huta. Idan ba su yi ba, a huda ƙarafan, ba rediyon ba. A yi amfani da sukurorin da suka zo da shi ko masu tsawonsu daidai, domin dogon sukuru yana iya shiga ya taɓa allon lantarkin da ke ciki. A bar sarari a bayansa da samansa ko da na kaurin yatsa ne. Sassan da ke aika magana a baya suke kuma suna zafi, ga shi cikin dashbod ɗin motar da ta wuni a rana tamkar tanderu yake.

A wannan mataki gwaji kawai ake yi. Kada a ɗaure komai tukuna, domin za a sake fito da rediyon sau biyu ko uku kafin a gama.

Jan wuta

Rediyon yana zuwa da waya biyu, ja ta fozitif da baƙa ta nagetif, kuma a jikin jar akwai ɗan gidan fis. Akwai hanya biyu ta ba shi wuta. Ta farko ita ce a kai jar waya har kan batir, a ratsa da ita ta ɗaya daga cikin robobin da ke bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota. Wannan ce ta fi ba da tsabtatacciyar wuta, amma rediyon ba zai mutu da kashe mota ba, kuma wanda ya manta da shi a kunne kwana da kwanaki zai tarar batir ya yi sanyi. Idan aka bi wannan hanya, dole ne a ƙara fis a kusa da batir, cikin tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu na hannu ba, saboda fis ɗin da ke kusa da rediyo ba zai kare doguwar wayar ba idan ta goge ta taɓa ƙarfe. Hanya ta biyu ita ce a ɗauko daga akwatin fis na cikin mota, a layin da ke samun wuta idan an murɗa makulli kawai. Ta fi sauƙi, tana kuma kashe rediyon da kanta, sai dai takan ɗauko ƙarar wasu na'urorin motar. Ni na fi son ta farko ga wanda ke doguwar tafiya, ta biyu kuma ga wanda wasu ke tuƙa motarsa.

Baƙar waya a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota da noti, a wurin da aka kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, kuma a gajarta ta gwargwadon iko. Ba kowane ƙarfe da ke cikin dashbod ne yake haɗe da jikin mota ba, don haka a tabbatar da mita.

Rediyon wat 4 ba ya jan fiye da amp 2 ko kusa da haka lokacin magana, shi ya sa fis ɗinsa ƙarami ne. Idan ya ƙone, a mayar da mai lamba irin tasa. Al'adar nan ta naɗe fis da siririyar waya ko takardar kwalin sigari ita ce ke kashe rediyo, domin idan aka juya ja da baƙa bisa kuskure, akwai wani ɗan sashe a ciki da aikinsa shi ne ya sa fis ya ƙone kafin ɓarna ta shiga. In babu fis na gaskiya, allon ne zai ƙone a madadinsa. Wanda bai saba da wayoyin mota ba ya kira riwaya don wannan mataki kaɗai, amma ya tsaya a kansa, ya hana a fere wata waya a murɗa ta rediyo a jikinta a rufe da tef.

Eriya da wayarta

A nan ne aikin yake cin nasara ko ya lalace. Tsawon igiyar zangon CB kusan mita 11 ne, kuma eriyar da ta fi dacewa da shi ita ce mai rubu'in wannan tsawo, wato bulalar ƙarfe mai inci 102, kimanin mita 2.6, wadda ake ɗorawa a kan sifirin. Ba kowa ke iya yawo da irin wannan ba, shi ya sa ake yin gajeru masu naɗin waya a ciki da ke cike gurbin tsawon da aka rage. Duk da haka ƙa'idar ba ta canzawa: doguwa ta fi gajera kai magana nesa, kuma wadda ba ta kai mita ɗaya ba ba za a ji daɗinta ba.

Jikin motar shi ne rabin eriyar. Saboda haka tsakiyar rufi shi ne wuri mafi kyau, inda ƙarfe ya kewaye ta ta kowane ɓangare. Wanda ba ya son huda rufi zai iya amfani da mai gindin maganaɗisu, ko ya kafa ta a gefen bonet, ko a bakin akorin baya, ko a ƙarfen madubi idan babbar mota ce. Duk inda aka zaɓa, a tabbatar mafi yawan tsawonta, tare da naɗin, ya haura rufin motar, kuma ba ta jingine da wani ƙarfe a gefenta ba. Motar da jikinta faiba ne tana buƙatar eriya ta musamman da aka ƙera don inda babu ƙarfe.

Gindin da ake ɗaurewa da noti yana zuwa da wani farin zobe na roba mai ɗan wuya, kuma sanya shi ba daidai ba shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Zoben yana zama ne a saman ƙarfen da ke riƙe eriya, wuyansa ya shiga cikin ramin, don ya raba eriyar da jikin mota. Shi kuwa ƙarfen riƙon dole ne ya haɗu da jikin mota sosai, ƙarfe da ƙarfe, ba fenti ko tsatsa a tsakani. Idan a kan ƙofa ko murfin baya yake, a ƙara gajeriyar waya mai faɗi daga shi zuwa gangar motar.

Wayar eriya ta musamman ce, mai zare ɗaya a tsakiya da saƙar ƙarfe a kewaye, mai om 50, irin RG-58 ko RG-8X, kuma kanta da ke shiga rediyo shi ake kira PL-259. Wayar dish ko ta talabijin om 75 ce, ba ta dace da eriya guda ba ko da ta yi kama. A bi da ita ta ƙarƙashin kafet da bayan robobin gefe har zuwa bayan dashbod, nesa da wayoyin wuta da fedoji da sandar sitiyari. Kada ƙofa ta riƙa matse ta, kada a karya ta a kusurwa, kuma idan ta yi saura kada a naɗe ta ƙanƙanin zobe. A shimfiɗa ragowar a dogon ninki sako-sako a ɗaure tsakiyarsa.

Kafin a jona ta da rediyo, a yi gwaji uku da mitar wuta. Tsakanin tsinken tsakiya na PL-259 da bulalar eriya dole a sami haɗi. Tsakanin murfin wajensa da jikin mota ma dole a samu, idan gindin na ɗaurewa da noti ne. Tsakanin tsinken da murfin kuwa, a cire eriyar daga gindinta a gwada, kuma bai kamata a sami haɗi ba. Idan an samu, ko zoben roba ya zauna ba daidai ba, ko wani silin saƙar ya taɓa zaren tsakiya.

Daidaita SWR

A mayar da kan batir, a kunna rediyo a ji yana huci, amma kada a danna makirufo tukuna, kuma kada a taɓa danna shi babu eriya a jone. SWR ma'auni ne na yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ya dawo cikin rediyo. Abin da ya dawo zafi yake zama, kuma shi ke ƙona sassan aika magana.

A kai motar fili, nesa da gine-gine da bishiyoyi da wayoyin lantarki, a rufe ƙofofi da bonet, kada kowa ya tsaya kusa da eriya. A jona wayar eriya a ramin mitar da aka rubuta ANT, a haɗa ɗaya ramin da rediyo ta gajeriyar wayar. A sa tasha ta 1, a tura maɓallin mitar zuwa FWD, a danna makirufo ba tare da magana ba, a murɗa har allura ta tsaya a alamar SET da ke ƙarshen ma'aunin, sannan a juya maɓallin zuwa REF, a karanta, a saki. A rubuta lambar. A maimaita dukan wannan a tasha ta 40, har da sake daidaita allurar, domin kowace tasha da nata.

Idan lambar tasha ta 40 ta fi ta 1 girma, eriyar ta yi tsawo, sai a rage. Idan ta 1 ce ta fi, ta yi gajarta, sai a ƙara. Wasu eriyoyin suna da sukuru a ƙoƙuwa ƙarƙashin hular roba, wasu kuma ana kwance ɗan noti ne a zame bulalar sama ko ƙasa. A riƙa motsawa kaɗan kaɗan, kamar milimita 3 a kowane karo, a mayar da hular kafin a sake aunawa, tunda ita ma tana canza lissafi. Idan ta kai ga yankewa, a tuna abin da aka yanke ba ya komawa. Ana neman lambobin biyu su zo kusa da juna, sannan a duba tasha ta 20 a ga ta fi su ƙasa. Abin da bai kai 1.5 ba ya yi kyau, ƙasa da 2 ana iya aiki da shi, amma 3 ko fiye alama ce ta matsala da murɗa sukuru ba zai warware ba. Idan allura ta haye ja a duka tashoshin, a daina dannawa, a koma kan zoben roba da haɗin gindi da jikin mota, domin kusan kullum a can laifin yake.

Rufewa da gwaji

Sai bayan lambobin sun yi kyau za a cire mitar, a ɗaura wayar eriya kai tsaye a bayan rediyo, a matse ta da hannu sosai, a jona lasifikar waje, a tattara wayoyi a ɗaure su yadda ba za su yi kaɗawa ba. A tura rediyon a hankali ana lura kada wata waya ta maƙale a baya, a ɗaure ƙarafan, a mayar da robar fuska. Maratayin makirufo a kafa shi inda hannu zai kai ba tare da ido ya bar hanya ba, inda igiyarsa ba za ta naɗe giya ko sitiyari ba, kuma ba a kan murfin jakar iska ba.

A tayar da inji a saurara. Kukan da ke tashi da sauka tare da totur daga altaneta yake, kuma yawanci ta wayar wuta yake shigowa. Mayar da jar waya kan batir ko sanya matatar ƙara a layin yana rage shi. Ƙas-ƙas mai saurin bugawa daga fulogi yake, kuma maɓallin rage ƙara na rediyon, ANL ko NB, yana taimakawa. Don a gane ta inda ƙara ke shiga, a zare wayar eriya na ɗan lokaci ba tare da danna makirufo ba: idan ta ɗauke, ta eriya take zuwa, idan ta ci gaba, ta wuta ce. Cajar waya mai arha da fitilun LED marasa inganci su ma suna cika zangon da hayaniya, don haka a cire su ɗaya bayan ɗaya a gani.

Maɓallin SQ, mai toshe hucin rediyo, a murɗa shi daidai inda hucin ya ɗauke, kada a wuce, domin wuce wurin yana toshe muryoyin da ke nesa. Daga nan a nemi wani mai rediyo ya tsaya wuri ɗaya, a tuƙa ana nisantarsa ana magana, makirufo na ɗan nesa da baki kamar yatsu uku. Tsakanin mota da mota a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ana samun kilomita kaɗan zuwa goma da wani abu, duwatsu da gine-gine kuma suna rage hakan. A tsarin Amurka tasha ta 9 ta neman agajin gaggawa ce, don haka ba a gwaji a kanta, ta 19 kuma ita ce dandalin direbobin manyan hanyoyi. Bayan mako ɗaya ko biyu ana hawa hanya, a sake duba notin gindin eriya, a kuma sake auna SWR, saboda girgiza takan sassauta abin da aka ɗaure.